Wane abin wasa mai batir ya dace da ɗan shekara biyu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana ya cika shekara 2, duk abin da ya gani sai ya danna, daga rimot har wayata. Ina son in saya masa abin wasa mai batir don ya gane aikin maɓalli. In ɗauki mai maɓallai da yawa, ko ƙarami ya isa?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya raya mana shi. Ki saya masa mai maɓalli ɗaya ko biyu, kowanne da aikinsa. Wanda taɓawa ɗaya za ta sa ya kama kiɗa, fitilu na walƙiya, taya na juyawa, yaro zai yi murna amma ba zai san me yatsansa ya jawo ba. 'Yar mota mai tafiya idan an danna, ta tsaya idan an saki, ta fi koyarwa. Dannawar ce ke haɗa wasu ƙarafa biyu a ciki, wutar batir ta samu hanya. Da an ɗaga yatsa hanyar ta yanke.

Ki zaunar da shi a tabarma, ki danna ki ce "kunna", ki saki ki ce "kashe", sannan ki miƙa masa ki yi shiru. Zai jijjiga, zai ciza, zai buga da ƙasa. Ki daure, kada ki kama masa hannu. Ranar da ya dace da kansa za ki ga ya ɗago ya dube ki yana dariya.

Abin da ya fi damuna shi ne gidan batir. Tun a gaban mai kaya ki juya bayan abin: idan murfin ba ɗaure yake da noti ba, farce kawai ke buɗe shi, ki ajiye komai arharsa. Ki zaɓi mai cin batir AA irin na rimot ko agogon bango, ki guji ƙaramin nan mai faɗi kamar kwabo, irin CR2032. Idan yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙoshi, yana iya ƙona naman wurin cikin awa 2. In hakan ta faru, Allah ya kiyaye, a garzaya asibiti nan take ko da yaron na wasansa, kuma kada a sa shi amai.

Kada ki haɗa sabon batir da tsoho. Idan za a daɗe ba a yi wasa da abin ba ki cire su, don zafinmu na sa su yoyo su cinye ƙarafan ciki.