Ruwan suwimin ful ɗin maigida ya koma kore shar, ya zan yi?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni ɗan unguwar Nima ne a Accra, ina kula da wani gida a unguwar East Legon, maigida ya yi tafiya ya bar min komai. Tun da ruwan saman Yuni ya kankama, ga dumso, wato ɗauke wuta, kwana uku famfon ful bai juya ba, sai kawai na wayi gari ful ya zama kamar miyar kuka, ko ƙasansa ba a gani. Na zuba kulorin kofi biyu, shiru. Don Allah a taimaka kafin Alhaji ya dawo.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Kwantar da hankalinka, gansakuka ce, kuma koriyar nan ita ce mai sauƙin kashewa. Amma fara shafa bango da hannu tukuna. In ka ji santsi kuma ruwan ya yi dagwal, ita ce. In kuwa ruwan garau yake sai dai launi kawai, musamman in da ruwan bohol aka cika, to ƙarfen da ke cikin ruwan ne, ƙarin kulorin ma ɓata shi zai daɗa yi.

Akwai rawaya mai kama da ƙurar hunturu da ke maƙalewa gefen inuwa, kana sharewa tana dawowa. Akwai kuma baƙa, ɗigo-ɗigo a tsakanin tayil, wannan kam 'yar taurin kai ce, sai ka kankare kanta da burushi magani zai shige ta.

Kofi biyun nan naka asara ce tunda ba ka auna ba. Sayi 'yar takardar gwaji ka duba pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, a saukar da shi tsakanin 7.2 da 7.6, don in ya haura kulorin ragon banza yake zama ko buhu ka juye. Sannan ka kwashe ganye, ka goge bango da matakala da bayan tsani sosai, bayan magariba ka zuba kulorin mai yawa har ya kai 10 ppm (ma'aunin yawan kulorin a cikin ruwa) ko fiye, da dare fa, don rana cinye shi take yi. Famfo kuma ya kwana yana aiki awa 24 ko da janareto ne, na san mai ya yi tsada amma ruwan da ba ya motsi ba ya warkewa. Da safe za ka ga ya koma fari-fari kamar an zuba koko, kar ka tsorata, matacciyar ce, ka wanke filta ka zuƙe ta ƙasa, in kore bai tafi ba ka maimaita.

Kar ka kuskura ka haɗa kulorin da asid a bokiti ɗaya, hayaƙinsu na kisa. Maganin ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa a kan magani ba. Kuma ko yaran gida sun dame ka, ba mai shiga sai ruwa ya washe kana hango ƙasa, kulorin ya sauko tsakanin 1 da 3 ppm.