Kafin ka ɗaura doguwar fitila a rufin Hilux ɗinka

Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, Allah Ya sanya alheri a sabuwar mota, Ya tsare hanya. Ka ce ka sayi Hilux don zirga-zirgar gona ta wajen Bokkos, fitilunta ba sa isar ka idan ka yi sammako, kana so ka ɗaura doguwar fitilar LED mai inci 50 a kan rufi, ko ta yi ko akwai wadda ta fi ta. Na daɗe ina bin hanyoyin nan, Mangu da Bokkos ɗaukar dankalin turawa, wani lokaci har Pankshin, kuma irin fitilar da kake nufi ita na fara saya. Shawarata: kada ka fara da ita.

Ga abin da ya faru da ni. Wata asubar Agusta na sauka daga kwalta na shiga burji, an kwana ana ruwa, hazo ya kwanta a kwari. Fitilun mota na nuna min kamar taku goma sha biyar. Na kunna ta saman. Wallahi sai na ga kamar an shimfiɗa min farin zane a gilashi. Hanyar da nake ɗan gani ma ta ɓace, bonet ya ɗauki haske yana dawo min da shi cikin ido. Dole na taka birki na kashe ta, yaron motata ya sauka da tocila yana tafe a gaba ina bin sa a giya ɗaya har muka haye. A gefen dama akwai tsohon ramin kuza cike da ruwa, ban gan shi ba sai a dawowa da rana. Har yau idan na tuna gabana faɗuwa yake.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Hazo ɗigon ruwa ne ƙanana a rataye cikin iska, kowane ɗigo yana mayar da haske inda ya fito. Idan fitila tana saman kanka, haskenta yana ratsa daidai inda idonka yake kallo, don haka duk abin da ya dawo kai zai samu. Haka ƙura take yi idan kana bayan wata mota a burji, haka bujin hunturu. Mu kuma a nan Jos muna sama da teku da kusan mita 1,200, damina hazo, hunturu ƙura. Fitilar rufi an yi ta ne don fili mai sarari da iska garau, inda mutum ke gudu sosai. Hanyar gona ba haka take ba.

Abin da ya yi min aiki shi ne ƙananan fitilu biyu masu haske ruwan ɗorawa, a ƙasa a jikin bamba, masu watsa haske a kwance, da faɗi, ba ya tashi sama. Su ake kira fitilun hazo. Suna shiga ta ƙarƙashin inda kake kallo su haska ƙasa, sai rami da dutse su yi inuwa, ka gane zurfin gargada tun kafin taya ta faɗa. Maganar launi kuma, za ka ga an rubuta 3000K ko 6000K a kwali. Ta farko ita ce ruwan ɗorawa, ta biyu fari fat mai ɗan shuɗi. Farar ta fi ɗaukar ido a shago, amma a cikin hazo da ƙura ta fi dallare mutum, kuma ni dai idan na yi awa biyu da ita idanuna yaji suke yi.

Ka yi wannan lissafin. A burji da wuya ka wuce kilomita 40 a awa, wato kimanin mita 11 a kowace daƙiƙa. Idan kana ganin mita 60 sosai, kana da fiye da daƙiƙa biyar na taka birki. Me za ka yi da fitilar da aka ce tana kai mita 800? Abin da zai cuce ka daga gefe yake fitowa: saniya, mai babur ba fitila, yaro da kaya a ka, bakin kwalbati da ruwa ya cinye. Saboda haka faɗi kake nema. Idan kuɗi sun ragu, ka ƙara ƙanana biyu a gindin gilashin gaba, wajen madubi, a karkata su waje kaɗan don kwana. Sannan ɗaya a baya, don ribas da lodin buhuna da duhu. Wannan ta bayan ba wanda yake tunaninta, amma ita na fi kunnawa.

Fitila mai dogon zango, mai tattara haske wuri guda, tana da ranarta, idan kana yawan bin doguwar kwalta da ba kowa. Ita ma a gaban mota za a ɗaura ta, tsayin fitilun asali, a kula kada ta toshe wa lagireto iska.

Yanzu maganar saye. Kada rubutun kwali ya ruɗe ka. Na taɓa sayen wadda aka rubuta wat 300, da rewaya ya sa mitar awon wuta sai muka ga amfiya biyar da ɗan wani abu take ja. Ka ninka da bolt 12, ko wat 70 ba ta kai ba. Don haka idan ka je wajen masu kayan mota a Dilimi, ko Apo idan Abuja ka leƙa, ka ce a jona maka a batir a auna. Ka ɗaga ta ka ji nauyi, don LED zafi ne yake kashe ta, kuma ƙarfen alminiyom mai tsaga-tsaga na bayanta shi ke fitar da zafin. Wadda ka ji ba nauyi kamar gwangwani, ajiye ta. Ka duba alamar IP67, ma'anarta ƙura ba ta shiga, kuma tana jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti 30. Amma ka duba da idonka inda waya ta shiga jikinta, da robar da ke zagaye da gilashi, don a nan ruwa yake bi. Hella da Osram da Philips sunaye ne sanannu, sai dai jabunsu ma suna yawo. Ƙarfen da za a ɗaure ta da shi ya zama mai kauri, da noti mai makulli, in ba haka ba gargada za ta sa haske ya riƙa rawa har ƙarfen ya tsage.

Inda nake so ka fi sa ido shi ne haɗin waya. Wani rewaya ya taɓa jona min fitila kai tsaye a wayar fitilar mota, ba rile ba fis (rile makunni ne mai ɗaukar babbar wuta, fis kuma shi ke yanke wuta idan ta yi yawa). Muna hawan Kibo da dare daga Akwanga na ji ƙaurin roba, na tsaya na buɗe bonet, waya ta yi laushi tana hayaƙi. Allah ne Ya kiyaye. Fitilu masu wat 120 na gaskiya amfiya 10 suke ja. Wuta ta taso daga batir ta waya mai kauri, kamar milimita 2.5, a sa fis na amfiya 15 dab da kan batir, ta bi ta rile, makunnin cikin mota aikinsa kawai ya tada rilen. Duk inda waya za ta ratsa ƙarfe a sa mata roba. Ka tsaya a kan rewayan ya yi a gabanka. Kuma kada ka bar fitilun a kunne inji na kashe, batir zai kwanta maka a gona.

Mai dogon zangon nan, ka sa a haɗa ta da babban hasken mota, yadda da ka yi dim za ta mutu tare da shi. Ina roƙon ka wannan don Allah. Duk mai bin hanyar Mararrabar Jama'a zuwa Mangu da dare ya san yadda ake ji idan wani ya dallare shi da irin fitilun nan: daƙiƙa uku ko huɗu kana tuƙi ba ka ganin komai, ga mai keke a gefe. A cikin gari kuwa ba su da aiki ko kaɗan, ni murfi nake sa musu.

Amma kafin ka kashe ko sisi, duba fitilun motar na asali. Yawancin Hilux ɗin da aka yi amfani da su gilashin fitilarsu ya dushe ya yi jaja-jaja, ƙwan ya tsufa, saitin ya kauce. A goge gilashin, a sa sababbin ƙwai masu kyau irin waɗanda aka yi fitilar dominsu, sannan da dare ka tsayar da motar a shimfiɗaɗɗen wuri, kamar mita bakwai da rabi daga bango, a daidaita su. Ka ɗora buhuna a baya ka sake dubawa, domin lodi yana ɗaga hancin mota, haske ya koma kan bishiyoyi. Idan ka yi wannan ka fita asuba ɗaya, ka dawo ka gaya mana inda duhu ya rage maka, gaba ne ko gefe, sai mu san girman da za ka saya.