Amsar lauya ga mai takaba a Garwa: takardun gida da haƙƙin marayu

Hajiya, Allah ya jiƙan Malam, ya kai haske kabarinsa, ya ba ki haƙurin wannan rashi. Fiye da rabin wasiƙarki labarinsa ne, yadda yake ɗora yara a babur ya kai su makaranta kafin ya buɗe shago, sai can ƙarshe kika ambaci cewa ƙannensa sun nemi ki miƙa musu takardun gida tun ba a yi sadakar arba'in ba. A nan zan tsaya, domin wannan maganar ba ta jiran ki fita takaba.

Kada ki ba kowa asalin takarda, kada kuma ki dangwala yatsa a kan abin da ba a karanta miki ba. Dokar Kamaru ta 29 ga Yuni 1981, a sashe na 77, ta hana magadan miji iƙirarin iko a kan matar da ya bari, ko 'yancinta, ko dukiyar da take tata. Kundin hukunta laifuka na 2016 kuma ya mayar da korar mace daga gidan aurenta ba da hukuncin kotu ba laifi, hukuncin ma ya fi tsanani idan mai korar ba mijin ba ne.

Abin da ya fi gaggawa shi ne acte de décès, wato takardar shaidar mutuwa, daga meri (ofishin magajin gari), kuma yayanki zai iya zuwa a madadinki. Idan wa'adin kai rahoton mutuwar ya wuce, sai kotu ta yi hukunci kafin a bayar da ita, wahalar da ba na so ki sha. Daga nan dangi su zauna, a rubuta sunayen magada duka da wanda zai kula da dukiyar, ki tabbata an sa sunanki da na kowane yaro, har na goye. Da wannan takarda ta zaman dangi, da ta aure, da takardun haihuwar yara ake neman jugement d'hérédité, wato hukuncin kotu mai tabbatar da magada, wanda sai da shi banki yake sakin kuɗin mamaci.

Kina da zaɓin kotu. Kotun gargajiya ba ta sauraron shari'a sai kowane ɓangare ya yarda, saboda haka idan ba ki natsu da ita ba, ki faɗa tun zaman farko kafin a shiga maganar, a koma babbar kotu. A ganina, tunda ku duka Musulmi ne, ki fara da liman da dattawan gida, domin ko a rabon Musulunci hujja tana hannunki: bayan an biya bashi an fitar da wasiyya, mata tana da tumuni idan akwai 'ya'ya, 'yan'uwan mamaci kuwa ba sa gado matuƙar ya bar ɗa namiji, ke kuma kin ce kuna da biyu. Duk abin da aka daidaita a kai a rubuta shi a gaban shaidu, a kai kotu ta tabbatar, ki kuma ajiye kwafin kowace takarda a gidan iyayenki.