Ana iya saƙa wa tsoka gurbin da za ta sake tsirowa?

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. Ƙanena ya yi haɗarin babur, tsokar sha-raɓarsa ta zaftare. Ciwon ya warke, amma wajen ya lotsa, ƙafar kuma ba ƙarfi. Na ji ana ƙera wata irin roba a sa a wajen don tsoka ta sake tsirowa. Yaya ake yin ta, kuma za ta yi masa?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Ƙaramin rauni tsoka na gyara shi da kanta, domin akwai wasu ƙwayoyin halitta da ke kwance a jikin zarenta, waɗanda Alexander Mauro ya gano a tsokar kwaɗo a 1961. Da an ji ciwo sai su farka, su hayayyafa, su haɗe su zama sabon zare. Amma idan babban yanki ya tafi, ba su da abin kamawa, sai tabo ya cike gurbin. Wannan ne dalilin ƙera robar da ka ji labari, wadda ke zama kamar ƙwarangwal da ƙwayoyin za su kama su girma a kai.

Ka tuna naman da aka dafa za a yi dambu, yadda yake warwarewa sili-sili, duk zaren ya fuskanci gefe guda. Ƙarfin tsoka yana cikin wannan jerin. Idan ƙwayoyin suka girma a hargitse, kowace ta ja nata gefen, ba motsin kirki. Saboda haka aikin mai ƙerawa ya fi kama da na masaƙi.

Kayan saƙar su ne folima, wato dangin roba, masu narkewa a jiki, irin waɗanda ake kira PCL da PLGA. Ba baƙi ba ne a asibiti, zaren ɗinkin nan na Vicryl da ke narkewa da kansa ɗan gidansu ne. Ana narkar da folimar a sinadari, a zuba a sirinji, a haɗa allurar da lantarki mai ƙarfin bolt dubu 10 zuwa 20. Ɗigon da ke bakin allurar sai ya tsine, wani siririn zare ya fizgo daga cikinsa, ya bushe a iska kafin ya sauka. Sau da yawa ya fi gashin kai siranta sau ɗari. In ya sauka a kan faranti mai zaman wuri ɗaya, sai ya cakuɗe kamar yanar gizo-gizo. In kuwa ganga ce mai juyawa da gudu, sai ta naɗe shi a jere kamar abawa a mazari. A kan wannan jerin ake shuka ƙwayoyin, su miƙe su bi layi.

Taushi ma abin lura ne. A 2010 masu bincike a ɗakin gwajin Helen Blau na jami'ar Stanford sun nuna cewa ƙwayoyin tsoka sun fi riƙe ƙarfinsu na sabunta tsoka a kan shimfiɗa mai taushin tsoka, kusan kilofaskal 12 a ma'aunin tauri. PCL ya fi haka tauri nesa ba kusa ba, kuma yakan shekara biyu ko fiye bai narke ba, shi ya sa ake gauraya shi da kolajin, wato furotin ɗin da ke cikin fata da jijiya, ko jelatin da ake samu daga gare shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne jini. Iskar oksijin ba ta ratsa nama fiye da kusan milimita 0.2 ba tare da jijiyar jini ba, don haka ƙwayoyin da ke tsakiyar ƙwarangwal mai kauri mutuwa suke yi. Tsokar da jijiyar motsi ba ta iske ta ba kuma shanyewa take. A ganina waɗannan biyun ne suka tsare wannan fasaha a ɗakin gwaji, kan ɓeraye.

An ɗan gwada a jikin mutane. A 2014 ƙungiyar Stephen Badylak ta jami'ar Pittsburgh a Amurka ta ba da rahoton mutum biyar, uku suka samu ci gaba a bayyane. Sai dai ba roba aka sa musu ba, mafitsarar alade ce da aka wanke ƙwayoyinta, suka kuma haɗa da gashin ƙashi mai tsanani.

Don Allah kada ku biya kowa kuɗi a kan alkawarin robar tsiro da tsoka. Ku kai shi asibitin koyarwa ya ga likitan fiɗar gyaran jiki, a duba ko jijiyar motsinsa tana aiki. Akwai fiɗar da aka daɗe ana yi, inda ake ciro tsoka daga cikin cinya ko gadon baya tare da jijiyoyinta a dasa a gurbin. Kafin nan, kada ya daina atisayen da masu gashin ƙashi suka ɗora shi a kai, don kada idon sawun ya sandare.