Commodore 64 ɗin da ta shekara talatin a akwati: kar ka jona ta da tsohuwar adaftarta

TAMBAYA: Assalamu alaikum malam. Kawuna ya yi karatu a Ingila a shekarun 1980, ya dawo da kwamfuta Commodore 64, bayan rasuwarsa muka same ta a akwati da adaftarta da wasu kaset na wasanni. Na jona sau ɗaya jar fitila ta kama amma sikirin baƙi ƙirin, sai na tsorata na cire. Wani mai gyara ya ce tunda fitila ta kawo adaftar lafiyarta ƙalau, in sa sitabilaiza kawai in bar ta a kunne ta ɗumama. Dan Allah na riga na ƙona ta ne? Ita kaɗai ce abin da ya rage mini na kawu.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan kawu ya sa ya huta. Cirewar da ka yi da wuri ita ce daidai, kuma baƙin sikirin kaɗai bai isa a ce ka ƙona ta ba, don kusan duk wata cuta ta wannan kwamfutar da baƙin sikirin take nuna kanta. Amma dan Allah kar ka sake jona ta da adaftar nan, ko na minti ɗaya, kuma shawarar mai gyaran nan ka ajiye ta gefe.

Adaftar Commodore 64 wuta biyu take fitarwa ta kai ɗaya, akwai bolt 5 DC akwai kuma bolt 9 AC. Bolt 5 ɗin kai tsaye yake shiga RAM, wato ma'ajiyar bayanan da kwamfutar ke aiki da su, da mafi yawan IC, wato ƙananan ƙwaƙwalwan lantarkin da ke kan fanel, ba wani abu a cikin kwamfutar da zai tare shi in ya haura. Abin da ke riƙe shi a 5 ɗin regileta ce guda ɗaya a cikin adaftar, a yawancinsu kuma kamfanin ya zuba wani danƙo ya daskare a kan komai, toh zafi ba ya samun hanyar fita sosai, kuma ba ka isa ka buɗe ka gyara ba. Shekara da shekaru tana dahuwa a ciki. Inda matsalar take shine sau da yawa in za ta lalace ba ɗauke wuta take yi ba, sakin wutar take yi, 5 ya koma 6, ya koma 7 ko sama da haka. Su kuwa IC ɗin nan tsakanin 4.75 zuwa 5.25 aka gina su su yi aiki.

Yanzu maganar fitila. Wallahi wannan maganar ta "ai fitila ta kama" ta kashe kwamfutoci da yawa, kuma kusan kullum sai wani ya zo mini da ita. Jar fitilar nan a kan layin bolt 5 ɗin take, aikinta kawai ta nuna akwai wuta a layin. Ba ta san nawa ba ne. In 5 ne za ta kama, in 7 ne ma za ta kama, RAM yana soyuwa a ciki ita tana nan tana haske. Kuma ba ta ce maka komai game da bolt 9 AC ba, wanda a tsofaffin fanel daga shi ake samar da bolt 12 ɗin da IC na hoto da na sauti suke buƙata, kaga za ka iya samun fitila a kunne, sikirin baƙi, alhali fiyus ne kawai na cikin kwamfutar ya tsinke. Duk wanda ya kalli fitila ya yanke hukunci bai sa mita ba, ba gyara yake yi ba, duba yake yi.

Sitabilaiza kuma na gane dalilin da ya sa mutanenmu suke yarda da ita, mun saba wutar gari ce ke ƙona mana kaya, ta yi ƙasa ta yi sama. Amma nan ɓarnar ba daga soket take zuwa ba. Sitabilaiza tana gyara wutar da ke shiga adafta ne, ita kuwa regiletar da ta lalace tana can bayan taransfoma, ko wuta mafi kyau a duniya ka ba ta abin da za ta fitar ya riga ya ɓaci. Batun a bar ta ta ɗumama kuwa shi ya fi ɓata mini rai, domin da yawa daga adaftocin nan suna nuna 5.1 in suna da sanyi, sai sun ɗau zafi sannan wutar ta fara hawa. Wato abin da ya ce ka yi shine ainihin yanayin da take kisa a cikinsa.

Akwai kuma masu yanke kan wayar su haɗa da cajar waya ko ta laftof, su ce ai duk wuta ce. Ba duk wuta ce ba. Wajen bolt 9 ɗin AC yake so, har agogon da ke cikin IC biyu da ake kira CIA da bugun AC ɗin yake ƙirga lokaci, in kuma aka kuskure aka juya waya bolt 9 ko 19 ya faɗa layin 5 an gama. Abin da ya sa nake ta nanata wannan, kamfanin Commodore ya rushe tun 1994, ba mai ƙera waɗannan IC ɗin na asali yanzu. RAM ana samu, amma a tsohon fanel guda takwas ne kuma yawanci a liƙe da dalma, cire su ba tare da an ɓare layin fanel ba sai mai hannu. SID kuwa, wato IC na sauti wanda saboda shi har yau mutane ke haɗa kiɗa da wannan kwamfutar ta 1982, na asali sai dai a ciro daga wata matacciya, yana da tsada, kuma jabu sun cika kasuwar intanet.

Toh me za ka yi. Ka nemi sabuwar adafta wadda aka ƙera musamman don Commodore 64, masu sha'awar tsofaffin kwamfutoci a Turai suna yin su, ka tabbatar ta bolt 230 ce ba ta Amurka mai 110 zuwa 120 ba. In kana da ƙwararren mai gyara na gaske zai iya haɗa maka, bolt 5 mai tsafta na aƙalla amp 2 da taransfoma daban mai bada bolt 9 AC amp 1, amma ya buɗe littafin gyara na kamfanin ya bi zanen ƙafafun kan wayar, littafin yana nan kyauta a intanet, kuma ya auna kowace ƙafa da mita a gabanka kafin ta taɓa kwamfutar. Tsohuwar in kana son sanin halinta don hankalinka ya kwanta, a auna ta ita kaɗai, a ɗora mata rizista mai ohm 5 wat 10 ta ja kamar amp 1, a bar ta ta yi zafi ana kallon mita. Ko ta ci jarrabawa ni dai ba zan mayar da ita aiki ba, ka ajiye ta cikin kayan kawu.

Bayan an samu wuta mai kyau sai a koma kan baƙin sikirin. Ka fara da talabijin tukuna, tunda ta Ingila ce tsarin hotonta PAL ne irin namu, amma sababbin talabijin da yawa ba sa kama ta ta wayar eriya, gara ka samu wayar AV mai shiga ramin bidiyo na baya. Sai fiyus, sai makunnin kanta don yana yin tsatsa. In duk lafiya, wanda aka fi zargi shine IC ɗin da ake kira PLA, ya yi suna wajen mutuwa ko ba laifin kowa, kuma shi akwai sababbin madadinsa masu sauƙin kuɗi. Akwai katirij da ake kira Dead Test, in RAM ne ya mutu zai riƙa walƙa sikirin, yawan walƙiyar ya nuna wanne ne a ciki. Kar ka sa ko cire katirij ko sandar buga wasa (joystick) tana kunne, kuma in an zo canza SID a duba lamba da kyau, 6581 bolt 12 yake ci, 8580 kuma 9, in aka sa 8580 a gurbin 6581 zai ƙone.

Kaset ɗin kuma ka raba su da zafi da lasifika ko duk wani abu mai maganaɗisu. Kafin adaftar ta iso ka sauke VICE, manhajar da ke kwaikwayon Commodore 64, a laftof ɗinka, kyauta ce, za ta nuna maka shuɗin sikirin mai rubutun 38911 BASIC BYTES FREE da READY, shi ne abin da kake so ka gani ranar da aka kunna ta kawu, in lambar ta fito ƙasa da haka ka kashe ka sa a duba RAM.