Tsakanin "borrow" da "lend": wa ke miƙawa, wa ke karɓa?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a nan Maradi, bana zan zauna jarrabawar BEPC, ta kammala ƙaramar sakandare. A gwajin Ingilishi na rubuta "Borrow me your pen", malaminmu ya ja mini jan layi a kai. Alhali haka nake jin ƴan uwanmu na Katsina suna faɗa in sun zo biki. Ina kuskuren yake?

Amsa: Barka kadai, ƴata. Malaminku yana da gaskiya, amma ke ma ba daga sama kika ɗauko jimlar ba, Hausa ce ta bi ki har cikin takarda.

Mu a Hausa saiwa ɗaya ce ke aikin biyu. Ki ce "na ari bik ɗin Hadiza", ke kika karɓa. Ki ce "na ara wa Hadiza bik", ke kika bayar. Ƙarshen kalmar ne kawai ya motsa, sai ƴar "wa" ko "mini" da ta shigo. Shi ya sa in Bahaushe zai ce "ara mini", bakinsa ke zarcewa ga "borrow me". Ingilishi kuwa kalmar ɗungurungum yake canzawa. Mai miƙa abu shi ke yin "lend", mai karɓa shi ke yin "borrow". Ai kin san wannan rabon a Faransanci: "prêter" shi ne "lend", "emprunter" shi ne "borrow".

To, ga ki a aji, bik ɗinki ya ƙafe ana tsakiyar shifta, kin juya ga ta kusa da ke. Hanya biyu gare ki. In kin sa kanki a gaba, ki ce "Can I borrow your pen?" In ita kika sa a gaba, ki ce "Can you lend me your pen?" Bik ɗaya ne, roƙo ɗaya ne, wanda aka sa a farkon jimla ne ke zaɓar kalmar. Ki kula da ƴan rakiyarsu kuma: "borrow" da "from" take tafiya, "lend" da "to". "I borrowed it from Hadiza", amma "Hadiza lent it to me". Ita "lend" tana iya ɗaukar mutum da kaya a jere, "lend me your pen". "Borrow" ba ta wannan, kaya kaɗai ke bin ta kai tsaye. Nan jan layin ya same ki.

Su ƴan uwanki ba ƙarya suka yi ba, a Najeriya ana faɗar haka a kasuwa da tasha kuma kowa ya gane. Mai gyaran takardar BEPC ne ba zai karɓa ba.

Wani wuri kuma mu Hausawa muka fi masu Ingilishi tsefe magana. Turmin da maƙwabciya ta ɗauka aro ne, shi ɗin za ta maido. Jikka biyar ko tiyar gero rance ne, madadinsa ake biya. Ingilishi bai damu da wannan ba: turmi, kuɗi, gero, duk "borrow" da "lend" ne. In dai akwai kuɗin da ake biya don amfani da abin, kamar shago a babbar kasuwa, ya zama haya, wato "rent".

Sai tarkon da masu shirya jarrabawa ke so: shuɗaɗɗen lokaci. "Borrow" lafiyayya ce, "borrowed". "Lend" kuwa "lent" take komawa, da "t" a ƙarshe, kamar yadda "send" ke zama "sent". Kada hannunki ya rubuta "lended".