Amsar tambayar Kawu a kan aure da harajin albashi a Amurka

Kawu, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Kun tambaye ni ko gaskiya ne abin da ake faɗa a gida, cewa a Amurka da zarar mutum ya yi aure gwamnati takan ƙara masa albashi, har wani ya shaida muku wai duk shekara ana biyan magidanci kuɗin matarsa. Maganar tana da tushe, amma an juya ta kafin ta iso gare ku.

Ma'aikaci a nan ba ya karɓar albashinsa cif-cif, kamar dai yadda ake yanke wa ma'aikata haraji a gida kafin kuɗi ya shiga asusunsu. Tun 1943 doka ta ɗora wa mai ba da aiki nauyin yankar harajin ya miƙa wa hukumar tara haraji ta tarayya, wadda ake kira IRS. Sai dai abin da ake yanka kintace ne kawai. Ainihin lissafi sai shekara ta ƙare, kowa ya cike takardunsa ya miƙa ba tare da ya wuce 15 ga Afrilu ba, wanda aka yanke wa fiye da kima a mayar masa da rarar, wanda aka yanke wa ƙasa da kima kuma ya yi ciko. Abin da ofishin albashi yake dogara da shi wajen kintacen shi ne wani fom mai suna W-4, wanda mutum yake cikewa ranar da ya kama aiki, kuma yana da ikon sauya shi duk lokacin da halin gidansa ya sauya.

A Najeriya kowa da harajinsa, miji daban mata daban. A nan kuwa doka ta yarda miji da mata su haɗa lissafinsu a ɗauke su gida ɗaya, kuma inda mutum ɗaya ne yake aiki, wannan haɗin ba ƙaramin sauƙi yake kawowa ba. A 2024, dala 14,600 na farko na abin da gwauro ya samu ba a taɓa su da haraji, amma ga ma'auratan da suka haɗa lissafi abin ya ninka zuwa dala 29,200. Idan mutum yana ɗaukar dala 60,000 a shekara, harajinsa yana gwauro ya kai dala 5,216, idan kuma ya haɗa da matar da ba ta aiki sai ya sauko zuwa dala 3,232. Bambancin ya kusa dala 2,000, wato kimanin dala 76 a kowane albashi ga wanda ake biya duk mako biyu. Idan akwai 'ya'ya biyu da ba su kai shekara 17 ba, kuma suna da lambar shaidar da gwamnati take bayarwa, kowannensu a wannan shekarar ya rage wa gidan dala 2,000, har harajin ya ƙare gaba ɗaya. Wannan shi ne abin da ya iso muku da sunan ƙarin albashi. Albashin yana nan yadda yake, yankan ne ya ragu, kuma ba ya raguwa da kansa sai mutum ya sake cike fom ɗin. Kason da ake yanka daban don fansho da lafiyar tsofaffi kuwa, kashi 7.65 cikin 100, aure ba ya taɓa shi.

A nan ne mutanenmu suka rabu gida biyu. Da yawa daga cikinmu da gangan suke barin fom ɗin yadda yake tun suna gwauraye, domin a riƙa yanka da yawa, in an yi lissafi a dawo musu da kuɗi a dunƙule. Sun ɗauke shi tamkar adashe, da shi wani zai sayi tikitin zuwa gida, wani ya ƙara a kuɗin aikin Hajji, wani ya aiko a ci gaba da gini. Ba na ganin laifinsu, domin ba kowa ne yake iya riƙe kuɗi a hannu ba alhali wayar gida ba ta daina ƙara. Amma ni a ganina gidan da albashi ɗaya yake ɗauke da shi ya fi buƙatar kuɗinsa a kan kari. Na ga magidanci yana cin bashin katin banki mai ruwa don biyan haya, alhali kuɗinsa suna ajiye a hannun gwamnati ba tare da ko sisin riba ba, kuma abin ya dame ni ƙwarai.

Hatsarin da na fi gargaɗin ƙannenmu a kai shi ne ranar da uwargida ta sami aiki. Idan kowannensu ya rubuta cewa yana da aure ya tsaya nan, kowane ofishi zai ba shi rangwamen gidan gaba ɗaya, rangwame ɗaya ya zama an ci shi sau biyu, sai a Afrilu a tarar da bashi. Fom ɗin yana da wurin da ake nuna cewa su biyu suke aiki, amma wanda matarsa ba ta aiki bai kamata ya taɓa wurin ba. Idan cikon ya kai dala 1,000, ana iya ƙara masa tara a kai.

Saura abin da ya fi shafar ku a gida. Wanda matarsa take Kano ko Damagaram tana jiran biza ba gwauro ba ne a idon doka, amma ba ya samun wannan sauƙi kai tsaye, sai sun zaɓi a ɗauke ta kamar mazauniyar Amurka, ta sami lambar haraji, kuma duk abin da take samu a gida ya shiga lissafi. Dokar ƙasar aure ɗaya ta sani, saboda haka mata ɗaya ce take shiga takarda. Kuɗin da muke aiko wa iyaye kuma, komai yawansa, ba ya rage mana haraji ko kaɗan, domin iyayen da suke zaune a Najeriya ko Nijar ba sa shiga cikin waɗanda doka ta yarda a lissafa, ko da kuwa ɗansu ne yake ɗauke da cinsu da shansu da maganinsu.